Garwashin Goggo Hajo

Goggo Hajo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Horo Birni aka haife ta, aka kai ta aure Shagari, gidan wani manomi mai suna Hammadu, a can ta zauna shekara talatin da bakwai har ya rasu. Ba ta yi boko ba, karatun allo ma iyakarta abin salla. Amma a wancan zamani in ka shiga unguwarsu ka tambayi gidan Hajo, sai a ce maka, Hajo mai garwashi? Abin da aka san ta da shi ke nan, wutar murhunta ba ta mutuwa.

Yadda take yi ba wani asiri ba ne. In an sauke tuwo, sai ta zaɓi garwashi biyu ko uku masu ƙarfi, ta ɗora musu busasshen kashin shanu, ta rufe da toka, ta bar ’yar kafa daidai shigar yatsa. Da safe ta tona, ta kakkarya kara, ta hura, wuta ta tashi. Kowace mace ta san wannan, sai dai na wasu yau ya kwana gobe ya mutu. Nata kuwa ko da damina yana nan. Shi ya sa kullum da safe mata ke shigowa da kasko ɗibar wuta. Ta taɓa gaya mini cewa duk zamanta na Shagari kwalin ashana uku ta san an saya a gidan, su ma don baƙi masu shan taba.

Ɗibar wuta tana da ƙa’idarta, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da wani ya karanta masa. Ba a hana wuta, ba a kuma sayar da ita. Ko kun yi faɗa da mace jiya, in ta shigo da kasko yau za ki zuba mata, ku ci gaba da gabarku bayan ta fita.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun saba’in, itace ya yi nisa da gari, sai hannun Goggo ya ƙara daraja. Ta yi wa murhunta katangar laka ta gefen da iska ke shigowa. Wake tun safe take jiƙa shi. Da tukunya ta tafasa sai ta janye itace biyu ta turbuɗe su a ƙasa, ta bar ɗaya ya ƙarasa aikin, ta kuma danne murfi da dutse. Damin sabara da wasu ke cinyewa a kwana uku, ita sai ta kai mako da shi.

A 1981, shekara uku bayan rasuwar mijinta, ɗanta na fari Sodangi ya ɗauko ta zuwa Bodinga, inda yake koyarwa a firamare. Ba ta faɗin sunansa, Malam take ce masa. Lokacin abubuwa na tafiya daidai. Gidan da ya kama yana da wutar lantarki, ya sayi firiji, ya saya wa matarsa Zulaihatu tukunyar gas da risho. Goggo ta gina ɗan murhunta a bayan ɗakinta duk da haka, ta ce tuwon gas ba ya nuna ciki. Zulaihatu kuma ta fara daskarar da ƙanƙara da zoɓo tana sayarwa, a lokacin don dai kada ta zauna hannu sake.

Ni ina Ibadan ina karatu duk wannan lokaci. Na dawo a ƙarshen 1983, na sami aiki a ofishin gona na Bodinga, na kama ɗaki kusa da su, a gidan nake cin abinci. Na tarar albashin malamai ya daina zuwa kan kari, wata biyu ko uku kafin a ga ɗaya. Sojoji suka karɓi mulki, aka shiga layin sabulu da na madara, kananzir ya yi wuya, gas kuma sai an ɗauki tukunya an kai Sakkwato, wani lokaci a dawo da ita wayam. Firijin da aka saya don jin daɗi shi ya koma ciyar da gidan. Abin da Zulaihatu ta samu na ƙanƙara da rana, shi ne cefanen gobe.

A watan Janairu aka yi wa Sodangi canjin wurin aiki zuwa wata makaranta can wajen Isa, inda ba zai riƙa zuwa gida ba sai hutu. Da zai tafi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce ta riƙe gidan, a rage duk abin da za a iya ragewa. Goggo ta karɓi maganar da gaske, don ta san a nan ba wanda ya fi ta.

Daga makon ne na fara lura ƙwayayen lantarkin gidan guda biyar suna kunne da rana tsaka, har na bayan gida. Na ɗauka mantuwa ce. Wata rana na kai hannu makunnin zaure, sai na ji muryarta daga tsakar gida.

“Maniru, bar ta. Kak ka kashe min wuta.”

Na janye hannuna. Na so in tambayi dalili, amma na ga ba gidana ba ne, kuma ba a cika yi wa Goggo tambaya kan wuta ba. Ban kuma kula da wayoyi biyu sirara da suka bi ta kan katangar baya ba, don ba na zagayawa can.

Takardar kuɗin wuta ta zo a tsakiyar Sha’aban, ana tsananin zafi. Mode, mai karanta mita, shi ya kawo. A da Sodangi ke biya a ofis, ba wanda ya taɓa ganin takardar a gidan, sai aka ajiye mini in karanta. Na wata huɗu ne, naira ɗari da goma sha huɗu, kuma an rubuta da jan biro cewa in ba a biya ba kafin ƙarshen wata za a yanke. Ƙarshen wata shi ne farkon azumi, watan da ƙanƙara ke yin kuɗin da ba ta yi duk shekara. Zulaihatu da ke tsaye bakin madafi ta juya ta shiga ɗaki.

Goggo ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce lallai sun haɗa da na wani gida, don ita tun tafiyar Malam ba ta bari an kunna wuta ko sau ɗaya ba.

A nan na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun watan Janairu. Ta yi mini bayani a tsanake, kamar mai koya wa amarya. Ta ce wuta wurin kunnawa take cin kuɗi. Mai barin wutarsa ta mutu shi ke sayen ashana, shi ke zuba kananzir, mai riƙe da tasa ba ruwansa. Ta ce da idonta ta ga ƙwai biyu sun mutu a gidan nan, kuma duka biyun a daidai lokacin da aka danna makunni. Saboda haka ta hana kowa taɓawa. Na ce to in an ɗauke wuta fa, aka dawo da ita? Ta ce wannan masu wutar su suka kashe, su suka kunna, ashanarsu ce.

Ban yi dariya ba, don na ga hujjar tata ta tsaya da ƙafarta, wurin da aka kafa ta ne ba daidai ba. Na san kuma in na tsaya kawo mata abin da ke cikin littafi ba inda za mu kai. Sai na roƙe ta ta taso mu je zaure, inda mita take. Na ɗauko turmi na kife mata ta hau, na nuna mata faifan da ke juyawa cikin gilashi. Ta daɗe tana kallo.

“Wanga ai mazari na,” in ji ta. Ta yi kaɗi shekaru da yawa kafin zaren kanti ya kashe sana’ar. “Mi shika kaɗawa?”

Na ce kuɗin Malam. Na ce ta sa masa ido, na shiga ina kashe ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, ina tambayarta daga ciki. Ta ce ya rage gudu. Na kashe na biyu, ta ce ya ƙara ragewa. Na kunna, ta ce ya ɗauka. Sau uku ta sa na maimaita da ƙwan zaure, tana kallon hannuna tana kallon faifan, ko za ta ga ya zabura a daidai lokacin kunnawa. Bai zabura ba. Sai ta ce ashe wannan wutar ba ta san binnewa ba, tana ci ko da tukunya ko babu.

Na ce a cire firiji ma mu ga ya tsaya cak. Zulaihatu ta cire. Na dawo zaure na tarar mazarin yana gudu, har ya fi na ɗazu.

Zulaihatu ce ta yi magana, kanta a sunkuye. Ta ce ƙila Mijinyawa ne ya fara guga.

Mijinyawa tela ne, gidansa na bayan nasu. Bayan tafiyar Sodangi ya yi sallama da Goggo ya ce yana so ya ɗebi wuta, ƙwai ɗaya kawai don ɗinkin safe. Ta ce ya ɗiba. Shi ya ja wayar da kansa. Da Mairo, maƙwabciyarsu ta gefe, ta gani, ita ma ta zo, ita ma aka ce ta ɗiba. Daga baya Mijinyawa ya samo dutsen guga na lantarki, har ya fara karɓar guga daga waje. Zulaihatu ta san ba daidai ba ne, amma ba ta ga bakin da za ta ce wa surukarta ta hana maƙwabci wuta ba. Goggo kuwa a wurinta ba abin da ya ragu. Ka ba mutum garwashi, murhunka yana nan yadda yake.

Ta sauko daga kan turmin, ta koma bayan ɗakinta ta zauna gaban murhu. Ni kuma na koma ofis.

Kashegari na je ofishin masu wuta na yi bayani. Suka saurare ni, suka ce in an kawo rabi kafin azumi ba za a yanke ba, sauran a riƙa kawowa a hankali. Mode ya rako ni har gida, ya zagaya baya ya dubi katanga, ya dawo ya gaishe da Goggo.

“Inna, waɗanga wayoyi yau ban gan su ba. Amma ran Litinin in na dawo ina ganinsu, kuma in nig gan su ba ni da ta cewa.”

Rabin ma ba mu da shi. Ni albashina na farko bai daɗe da fitowa ba, ya tafi a kuɗin ɗaki. Na ce a aika wa Sodangi. Goggo ta ce a’a, shi ya bar mata gida, kuma ba shi da abin da zai aiko sai damuwa.

Da la’asar ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Gidan Mairo muka fara. Na zaci za ta sha wahalar buɗe baki, don abin da za ta faɗa bai taɓa fita daga bakinta ba, amma na ga ta riga ta shirya maganarta. Ta tambayi Mairo, in mace ta zo da kasko ta ɗebi wuta, da itacen wa take dafa tuwonta? Mairo ta ce da nata mana. Goggo ta ce to wannan wuta ta waya ba haka take ba. Tana ci a ɗakin Mairo, amma itacen daga gidan Malam yake fita, wata huɗu ke nan. Ba kuɗi ta zo nema ba, don ta san babu, kuma ba ta sayar da wuta. Amma wayar za ta sauka kafin Litinin, itacen da aka ƙona kuma a mayar mata da shi itace. Mairo ta riƙe baki ta ce wallahi ba ta sani ba. Kafin magariba mijinta ya kawo dami biyu na kara da kwandon kashin shanu, ya ce sauran na tafe duk ran kasuwa.

Mijinyawa a zaurensa muka same shi, dutsen gugar na jingine yana huci. Ya saurara har ta gama, sannan ya yi ’yar dariya.

“Goggo, yaushe anka fara sai da wuta Bodinga? Ke da bakinki kic ce in ɗiba.”

“Ni nic ce. Ko gobe ka zo ina ba ka.”

“To mi ak kuma na icce?”

“Garwashi nib ba ka, Mijinyawa. Ban ce ka kwashe min rumbun icce ba.”

Ya ce shi bai ga wani itace da ya bi ta waya ba, wannan dabarar ’yan boko ce, ya dube ni. Goggo ta ce ya zo zaure ta kifa masa turmi ya hau ya gani da idonsa. Ya ce shi ba ya hawa turmi. Ta ce to, ta miƙe. A ranar ya cire wayarsa, ya naɗe, ya jefo ta ta kan katanga, ya kuma daina gaishe mu.

Saura rabin da ofis ke jira. Goggo ta kira Zulaihatu, wannan karon ba a tsaye ta yi mata magana ba, tabarma ta shimfiɗa mata. Ta ce ita ta yi ɓarnar, amma abin gyaran yana ɗakin Zulaihatu. In za ta yarda a sayar da tukunyar gas haɗe da kan girkinta, ita ta ɗauki girkin gidan gaba ɗaya a murhu, kuma ba za a sake sayen kananzir ba sai na fitila. Tukunyar nan Sodangi ya saya wa Zulaihatu lokacin da ta haihu, a unguwar kaf ita kaɗai ke da irinta, kullum a goge take ko babu gas a ciki. Zulaihatu ta waiga wajen ɗakinta. Sannan ta ce tukunya ba ta ba kowa abinci yanzu, firiji ke bayarwa. Ni na kai tukunyar Sakkwato ranar Asabar, wani mai gidan abinci ya saya. Abin da aka samu ya rufe rabin, da ’yan canji.

Azumi ya kama wuta na nan. Zulaihatu ta riƙa cika firiji sau biyu a rana, tun kafin la’asar ake layi a zaure da kwanuka. Kuɗin da a da ke tafiya wurin mai kananzir take ba ni duk Juma’a in ajiye wa ofis. Goggo kuwa ta koma aikin da ta fi iyawa. Da kara da kashin shanun Mairo take dafa kunu da tuwon mutum bakwai, tana janye itace tana turbuɗewa. Ta ƙara wa kanta wani aiki, wato leƙa mita. Turmin ya zauna a zaure dindindin. In ta ga mazari ya ɗauki gudu sai ta bi ɗaki ɗaki har ta gano wanda ya bar ƙwai.

A kwana na goma na azumi, da hantsi, ina zaure sai ga Mijinyawa. Ɗinkin salla ya taru masa, ya koma tsohon dutsen gugarsa na gawayi, matarsa ta tafi ganin gida, murhunsu a mace, ashana kuma ta yi wuya a gari. Ya tsaya da dutsen a buɗe a hannu, ya yi sallama ba tare da ya dube ni ba. Goggo ta fito, ta karɓa, ta shiga ta cika masa da garwashi, ta miƙa masa. Ba ta ce masa kome ba sai “A yi aiki lahiya.” Da ya tafi na ce na zaci za ta tuna masa da itacen. Ta ce wuta ya zo nema.

Haka ya yi ta zuwa kwana huɗu. A na biyar aka sauke kayan jaki na itacen ƙirya a ƙofar gida, busasshe, mai jakin ya ce tela ne ya aiko. Goggo ta ɗaga guda ta auna a hannu, ta ce ya biya na ƙwai, saura na guga. Saura bai taɓa zuwa ba, ita ma ba ta sake tayar da maganar ba.

Sodangi ya zo hutun salla ya tarar ba tukunyar gas. Mahaifiyarsa ba ta bari wani ya riga ta ba, ita ta gaya masa kome, har da turmin. Ya saurara, ya tambaye ni saura nawa a ofis, na ce kaɗan ne, za a gama kafin babbar salla. Ya ce to Alhamdu lillahi. An gama kuwa, kuma firijin ya riƙe gidan har albashi ya daidaita bayan shekara biyu. Gas dai ba a sake saye ba sai bayan rasuwar Goggo, a 1992.

Abu ɗaya ne ba ta taɓa yarda da shi ba har ta bar duniya. Ta koyi danna makunni, ta fi kowa yawan dannawa, amma ba ta cewa a kashe wuta. In ta ga ƙwai a kunne da rana sai ta ce, “Wa yab bar wagga tana ci? Ku binne ta.” Jikokinta sun tashi da kalmar. Ɗiyar Sodangi ta fari, wadda ke aikin jinya a Sakkwato yanzu, ta ce da ni sai da ta shiga makarantar kwana aka yi mata dariya sannan ta san ba haka sauran mutane ke faɗa ba.